Kimci a Filinge: Tsakanin Nuna da Ruɓa

Kalmar harshe guda ce a Hausa, amma aiki biyu take yi. Da ita muke kiran tsokar da ke cikin baki, mai rarrabe zaƙi da ɗaci, da ita kuma muke kiran abin da ya tara mu a wannan sashe, malamai da ɗalibai, muna ta fiɗarsa gaɓa-gaɓa. Mu ɗaliban kimiyyar harshe mun fi ba ma'ana ta biyu muhimmanci, ta farko kuwa mun bar wa mata a madafa. A wannan ɗan rubutu ina so in haɗa su wuri guda, domin akwai wata tambaya ta fassara da ta daɗe tana damuna, kuma a bakin murhu na fara hango amsarta.

Tambayar ita ce: yaya za mu kira abin da Faransawa ke cewa fermentation? Ku saurari kowane ɗayanmu yana bayani da Hausa a kan nono ko daudawa, da zarar ya iso wurin sai ya ɗauko kalmar Faransanci ya dasa a tsakiyar jimla. In aka matsa masa ya fassara, sai ya yi jim, ya ce "ruɓewa". Wannan fassara tana da haɗari, domin duk wanda ya yarda da ita ya yarda ke nan cewa rabin abin da iyayenmu suka ciyar da mu ruɓaɓɓe ne. Fura mai tsami, da kindirmo, da kunun da aka yi da gasarar da ta kwana, da daudawar da ke cikin kowace miya, duk ta wannan hanya suke biyowa kafin su iso ƙwarya.

Ƙanwata ce silar shigata harkar Koriya. Tana cikin ƴanmatan da ke kallon wasannin kwaikwayon Koriya ta Kudu a wayar hannu, da fassarar Faransanci a ƙasan hoto. Ita ta haɗa ni da Dae Jang Geum, wasan da aka fara nunawa a 2003, labarin wata mai girkin fada da ta zama likitar sarki. Ita soyayyar ta ja ta, ni kuwa tukwane da furuci suka ja ni. Daga nan na koyi haruffansu, wato Hangul, waɗanda Sarki Sejong ya ƙirƙira a 1443 aka kuma bayyana wa jama'a a 1446. Duk ɗalibin furuci ya kamata ya leƙa su, domin siffar baƙaƙen farko an ɗauko ta ne daga yadda harshe da leɓɓa da maƙogwaro suke zama yayin furta su. Ban kai matsayin mai jin harshen ba, amma na kai inda zan karanta sunan abinci in nemi ma'anarsa a ƙamus.

A hutun watan Disamba na tafi gida Filinge, tafiyar kilomita kusan 180 daga Yamai ta hanyar Baleyara, domin tattara kalmomin madafa na Kurfayanci, waɗanda a kansu nake rubuta kundina. Lokacin hunturu ne, lokacin da kayan lambu ke cika kasuwa. Ƙanwata ta ce tun da ga shu ya yi araha, me zai hana mu gwada kimci, abincin da ba a rasa shi a kowane faifan cin abinci a wasannin da take kallo? Na amsa mata, da sharaɗin ba za mu aika a sayo mana kome daga manyan kantunan Yamai ba. Abin da ƙasarmu ta ba mu, da shi za mu yi.

Tun a kasuwa darasin ya fara. Ganyen da muke kira shu, daga Faransanci, ƴan'uwanmu na Kano kabeji suke ce masa, daga Ingilishi. Iyakar da Turawa suka shata ta ratsa har cikin kwandon mai sayar da ganye. Su Koriyawa da wani ganye mai tsawo suke kimci, sunansa baechu. Irin namu mai dunƙulallen kai kuwa yangbaechu suke kiransa, kuma wannan yang ɗin ɗafa-goshi ne da suke maƙala wa abin da ya zo musu daga ƙasashen Turai. Albasa ma yangpa ce a wurinsu. Dabarar ba baƙuwa ba ce a gare mu: dankalin Turawa da manoman Bonkuku suka shahara da shi yana ɗauke da shaidar asalinsa a cikin sunansa, haka ma masara, wadda sunanta ke nuni zuwa Masar. Al'umma kan manta ranar da wani tsiro ya shigo ƙasarta, amma sau da yawa sunan yakan riƙe labarin.

Babbar matsala ita ce yaji. Kimci na buƙatar wani jan garin barkono mai suna gochugaru, wanda jansa ya fi zafinsa, kuma yana da ɗan zaƙi-zaƙi. Tonkarmu, wato barkono a bakin mutanen gabas, ta fi ƙarfin wannan aiki. In aka zuba ta da yawan da ake buƙata babu mai iya kai loma ta biyu. Mafita ta fito daga ɗaya ƙarshen ƙasarmu: busasshen tattasai na Diffa, wanda ake nomawa a bakin Komadugu. Na sa aka daka mudu guda, na gauraya kashi huɗu nasa da kashi ɗaya na tonka. Abin sha'awa shi ne, da tonkarmu da barkonon Koriya duk baƙi ne, asalinsu nahiyar Amurka. Wani malamin Koriya mai suna Yi Su-gwang ya ambaci barkono a littafinsa na 1614 a matsayin tsiron da ya shigo ta Japan. Ke nan kimcin da duniya ta sani da ja, ya yi ƙarnuka yana fari kafin barkono ya same shi. Wannan ya kwantar mini da hankali game da sauye-sauyen da nake yi, domin abincin da kansa ya saba karɓar baƙo.

Sauran kayan ba su ba da wahala ba. Albasa ƴar Galmi, tafarnuwa, ɗanyar citta, karoti, da ganyen albasa. A madadin romon kifi mai gishiri da suke zubawa, na dafa busasshen kifi na tace ruwansa. Na dama ɗan garin shinkafa ya yi kauri kamar koko, domin shi ke riƙe yajin a jikin ganye, shi ne kuma abincin farko na ƙananan halittun da za su yi aikin. Muka yayyanka shu manya guda uku, muka barbaɗe shi da gishiri, muka bar shi wajen awa biyu muna juyawa, har ya yi laushi ya saki ruwansa. Muka ɗauraye shi sau uku, muka tsane, sannan muka cuɗe shi da jan haɗin nan da hannu, muka danna a cikin kwalba mai faɗin baki har ruwan ya taso ya rufe ganyen. Hikimar gishirin ita ce ya hana ƙwayoyin da ke ɓata abinci sakewa, ya bar fili ga masu jure masa, waɗanda ke mayar da zaƙin ganye tsami. Dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo ne.

Saura wurin ajiya. Ko a hunturu, ranar Filinge ba ta wasa, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. A nan kakata ta shigo maganar. Tana zaune a kan tabarma tana kallonmu tun farko, ba ta ce uffan ba sai da ta ga ina zagaye da kwalba ina neman inuwa.

"Ke kishiya, mi kinka rasa?"

Na ce, "Wuri mai sanyi nike biɗa, Kaka, inda abin ga zai kwana uku rana ba ta taɓa shi ba."

Ta nuna tsohuwar randarta da ke girke cikin jiƙaƙƙen rairayi a ƙarƙashin rumfa. "Sa shi ciki, ki bar ruwa ya kai mishi ga wuya. In kin ɓata min randa kuwa, mijin namu ni kaɗai za shi ci ma tuwo."

Ba ta taɓa jin sunan Koriya ba sai a wannan mako, amma shawarar da ta bayar ita ce dabarar mutanen can tun kafin firji. Suna da manyan tukwanen ƙasa da suke kira onggi, waɗanda a dā suke binnewa a ƙasa da kimci a ciki domin ya daɗe bai daskare ba, bai kuma yi saurin tsami ba. A ƙarshen kaka, gab da shigowar sanyi, dangi da maƙwabta kan taru su yi na watanni a yini ɗaya ko biyu, su rarraba. Sunan wannan gayya kimjang, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na ɗan'adam a 2013. Da na ba Kaka labari, cewa ta yi wannan ai gayyar daka ce, babu wani abin mamaki.

A kwana na biyu warin ya fara fita in an buɗe randa. Mahaifina ya tsaya a bakin rumfa bayan sallar la'asar ya kira ni. Tambayarsa ba ta raini ba ce, ta mai gida ce da ke son sanin abin da zai shiga cikin iyalinsa. Ya ji an ce abin yana kumfa, shi kuma ya san abin da ke kumfa in ya kwana. Na durƙusa na yi masa bayani cewa lallai akwai girke-girken Koriya da ake sa giyar shinkafa ko naman alade, kuma ban kusanci ko ɗaya ba; wannan kuwa ganye ne da gishiri da yaji, tsaminsa irin na nono ne, ko an cinye kwalbar duka ba ya juya hankali. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, in dai ɗan'uwan nono ne, Allah shi sa albarka." Na lura cewa hujjar kimiyya ba ita ta gamsar da shi ba. Abin da ya gamsar da shi shi ne an sa baƙon abu a cikin wani rukuni da ya riga ya sani. Haka kowace fassara take aiki.

A kwana na uku da safe na fito da kwalbar na buɗe. Ƙanena ya toshe hanci ya ce abin ya ruɓe, a zubar. Kaka ta ce a miƙo mata. Ta sunsuna, ta ɗauki ɗan yanki ta tauna a hankali, sannan ta dube shi.

"Kai dai ba ka san kome ba. Wanga bai ruɓa ba, nina yay yi. Abin da ya ruɓa ɗoyi shikai, wanga kuwa yami gare shi."

Nan take na ɗauko littafina na rubuta jimlar yadda ta faɗe ta. Nina ita ce nuna a bakin mutanen yamma, yami kuma shi ne tsami. Ku duba faɗin wannan aikatau. Mangwaro ya nuna a bisa itace, nama ya nuna a cikin tukunya, ga shi kuma ganye ya nuna a cikin kwalba ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Faransanci sai ya nemi kalmomi uku kafin ya faɗi waɗannan abubuwa uku. Abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne na riga na ci karo da irin wannan a ƙamus na Koriyanci. Aikatau ɗinsu ikda yana nufin ɗan itace ya nuna, yana nufin abinci ya dahu, kuma shi suke amfani da shi in kimci ya kai. Suna kuma da wasu kalmomi biyu masu kama da juna a furuci, sakda da sseokda: ta farko ga abin da ya kwana ya gyaru, ta biyu ga abin da ya kwana ya lalace. Iyakar da Kaka ta shata wa ƙanena ita ce wannan. Harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba, ba su haɗa maƙwabtaka ba, sun kalli abu ɗaya sun yanke hukunci ɗaya: wuta da rana da kwana duk hanyoyi ne na kai abu ga cikarsa.

A nan ya wajaba in ja kunnen ƙannenmu na shekarar farko. Kalmar kimci ta samo asali ne daga wata tsohuwar kalma ta aro daga Sinanci, chimchae, ma'ana ganyen da aka nutsar a ruwa. Mu kuma muna da tsima, muna da tsimi. Kunne na jin chim da tsim, ga ma'ana ta yi kusa, sai zuciya ta fara raya wa mutum cewa ya gano wata tsohuwar dangantaka. Babu ita. Hausa ƴar gidan Cadi ce a cikin babban dangin Afro-Asiya, chim kuwa daga Sin ta taso. Sautukan da bakin ɗan'adam ke iya furtawa ƙididdigaggu ne, kalmomi kuwa dubbai ne, saboda haka dole a sami masu kama da juna ta hanyar katari. Kamancin nuna da ikda ya fi wannan daraja nesa ba kusa ba, domin shi a tsarin ma'ana yake, yana gaya mana wani abu game da yadda mutane ke fahimtar abinci. Kamancin tsima da chim kuwa ba ya gaya mana kome.

Da daren wannan rana na haɗa abin da za a ci kimcin da shi, wato bibimbap, wanda fassararsa ita ce gaurayayyar shinkafa. Na dafa shinkafar tuwo domin ita ce mai danƙo irin tasu. Na sulala zogale da alayyafo daban-daban, na murza kowanne da tafarnuwa da gishiri da man riɗi. Wannan shi suke kira namul, kuma duk wanda ya taɓa cin kwaɗo ko kopto na maƙwabtanmu Zabarmawa zai gane shi da gani. Na soya karoti sama-sama da ɗan naman sa, na aza soyayyen ƙwai a bisa. Jan haɗin da suke sawa a tsakiya, gochujang, watanni yake ɗauka kafin ya nuna, don haka na kwaɓa tattasai da daudawa da ɗan zuma a madadinsa. Ba zan kira shi da sunan nasu ba, amma ya riƙe gurbin.

Sunayen ma sai da suka bi ta cikin bakin gidanmu. Kimci ya shige ba gardama, domin gaɓoɓinsa sun dace da ƙirar gaɓar Hausa, kamar a ce zumunci ko cimma. Bibimbap kuwa ya gamu da cikas a ƙarshe, tun da ba mu da wannan baƙi, kuma ba mu cika rufe suna da irinsa ba. Ƙanwata, mai karatun Faransanci, ta furta shi daidai. Inna ta ce bibimba, ta yar da wutsiyar. Kaka ta ce ita dai dambun shinkahwa ta gani.

Da Inna ta kai loma ta farko, sai ta ce man riɗin nan ya ba abin garɗi. Wannan ma kalma ce da ke wahalar da mai fassara. Garɗi ba zaƙi ba ne, shi ne abin da ake ji a soyayyar gyaɗa da riɗi da tumun gero. Koriyawa suna da kalmarsa cif, gosohada, kuma a kan man riɗi suka fi faɗinta. Baurin ɗanyar kanya suna ce masa tteolda. Ƙarnin kifi birinnae ne, zarni kuma jirinnae. Tun a 1955 F. W. Parsons ya nuna cewa irin waɗannan sunaye a Hausa rukuni ne mai siffa guda: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, ƙarshe da dogon wasalin i, karin sauti kuma sama-sama. Zaƙi, ɗaci, tsami, bauri, garɗi, wari, ɗoyi, ƙarni, zarni, ƙauri. Mun haddace wannan domin jarrabawa. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, su wa ke riƙe da iyakokin ma'anar waɗannan kalmomi a yau, su wa za su iya gaya maka inda wari ya ƙare ɗoyi ya fara? A gidanmu dai na ga amsar: tsohuwa ta sani, saurayi ɗan makaranta bai sani ba.

Hatta matsayin abincin a cikin magana ya yi kama. Bap a wurinsu dafaffiyar shinkafa ce, kuma ita ce abinci gaba ɗaya, har tambayar "ka ci bap?" ta zama gaisuwa. Shinkafar da ke gona suna da sunanta daban, byeo, wadda aka sussuke ba a dafa ba kuma ssal. Mu ma haka muka yi wa gero, wanda a nan Nijar muke kira hatsi kawai kamar babu wani hatsin sai shi: zangarniya, damma, tsaba, gari, dawo, fura, tuwo. Kowace al'umma takan yawaita suna a inda ranta yake. Sun ma fi mu a wuri guda, domin abincin dattijo ba a ce masa bap, sai jinji, kuma aikatau ɗin ci ma canzawa yake in babba ne mai cin. Mu a jiki muke nuna wannan ladabi, da durƙuso da miƙa ƙwarya da hannu biyu.

An cinye kwalbar cikin kwana huɗu. Mahaifina ya ci da tuwo, ya ce ya fi dacewa da shi a kan shinkafa. Amma maganar da ta fi tsaya mini a rai ta fito ne daga Kaka, da na nuna mata hoton wani baƙin haɗi da Koriyawa ke kira doenjang, wanda suke yi da waken soya. Na bayyana mata yadda suke dafa waken, su kirɓa, su cura shi kamar tubali, su rataye ya bushe, sannan su tsima shi cikin ruwan gishiri a tukunyar ƙasa. Ta ce, "Ashe su ma suna daudawa." Gaskiya ta faɗa, har a wajen masana, domin ƙwayar halittar da ke kan gaba a wannan aiki, Bacillus subtilis, ita ce dai ke nunar da daudawar kalwa da ta batso. Ita Kaka ta yi shekaru tana yin daudawar batso da gurguzun sure: a dafa shi dahuwa mai tsawo, a rufe ya kwana biyu ko uku, a kirɓa da ruwan toka, a sake rufewa, sannan a shanya. Rabonta da yi ya kai shekara shida. Ƙarfi ya ƙare, kuma a cikin jikokinta mata babu wadda ta koya. Ɗan dunƙulen kanti mai naɗe cikin takarda ya fi sauƙi, ba ya kuma sa tufafi wari.

Ku kwatanta makomar waɗannan tagwaye. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa al'adar yin jang, wato dangin su doenjang, cikin jerin gadon ɗan'adam. A 2021 babban ƙamus na Ingilishi na Oxford ya shigar da kalmomin Koriyanci 26 a lokaci guda, da dama daga cikinsu sunayen abinci ne. Mutanen da a dā ake yi wa gori da warin kimci a ƙasashen waje, yau duniya na koyon furta sunayen girkinsu. Mu kuwa na sha ganin ɗaliba a ɗakin kwana tana ƙunshe daudawar da uwarta ta aiko mata cikin leda uku, tana turawa ƙarƙashin gado kada a ce mata baƙauya. Ita ɗin ce kuma za ta yi marmarin kimci domin ta gan shi a waya. Warin bai bambanta sosai ba. Abin da ya bambanta shi ne yadda masu abin suke magana a kansa, da kalmar da suka zaɓa su kira shi da ita.

Wannan ya dawo da mu kan aikinmu. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Ko ba jima ko ba daɗe za a buƙaci littattafan kimiyya na makaranta da Hausa, kuma wani zai zauna ya fassara babin da ke magana a kan yadda madara ke zama nono. In wannan mutum ya rubuta "ruɓewa", to yara dubbai za su haddace cewa abincin gidansu ruɓaɓɓe ne. In ya ari kalmar Faransanci ya yi mata kwaskwarima, za su ɗauka cewa ilimin baƙo ne, alhali kakanninsu mata sun fi kowa ƙwarewa a kansa. Ƙamusoshin da muke tinƙaho da su, na Bargery na 1934 da na Abraham da Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini, sun yi aiki babba, amma babu ƙamus da zai iya shiga kowace madafa. Hausar Filinge ta samu mai dubanta ta fuskar furuci tun 1978, a nazarin J. G. Malka da ya fito a mujallar Harsunan Nijeriya, sai dai kalmomin turmi da tukunya har yanzu suna bakin masu su. Lokaci kuma ba ya jiranmu. Tsofaffin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, rashin tsaro kuma ya sa ƙauyuka da dama na arewacin Filinge, wajen Abala, sun yi wa mai bincike wuyar zuwa. A cikin matan da na yi niyyar ganawa da su a wannan hutu, uku sun bar garuruwansu.

Ga shawarar da nake ajiyewa a gaban malamaina da ƴan'uwana ɗalibai domin a tattauna. Tun da Hausa ta riga ta tara abubuwan nan uku a ƙarƙashin nuna, mu bi ta inda ta bi, mu rarrabe su da abin da ke kawo nunar: nunar itace ga ƴaƴan itatuwa, nunar wuta ga dahuwa, nunar kwana ga abin da nono da gasara da daudawa da kimci suke yi. Kwana ba baƙuwar kalma ba ce a wannan fage, kowa ya san furar da ta kwana. A ƙarƙashin nunar kwana sai a raba mai kai wa ga tsami, irin ta nono, da mai kai wa ga wari mai daɗin miya, irin ta daudawa. Ruɓa kuma a bar ta a inda Kaka ta ajiye ta, ga abin da ya lalace.

Wataƙila a Adar ko Gobir ko Damagaram akwai kalma guda da ta fi wannan dacewa, tana nan a bakin wata tsohuwa. Saboda haka ina roƙon duk wanda zai je gida a hutu mai zuwa ya zauna kusa da mai yin daudawa ko mai kaɗa nono, ya tambaye ta abin da take cewa a ranar farko, da rana ta biyu, da ranar da abin ya kai, da kuma ranar da ya wuce. Ya rubuta jimlar dungum yadda ta fito, da karinta, da sunan garin, da kimanin shekarun mai maganar, kada ya gyara ta zuwa daidaitacciyar Hausa. In muka tara waɗannan daga yankuna biyar ko shida, za mu iya buga su a fitowa ta gaba ta wannan mujalla, mu ga ko nunar kwana za ta tsaya ko kuwa wata za ta ture ta. Ni dai na riga na sayi tiya biyu ta gurguzu na ajiye a ɗakin Inna, kuma Kaka ta yi alkawarin za ta zauna a kan tabarma ta riƙa ba da umarni, in Allah ya kai mu hutun bazara.